Ubannin Jamus da Sunan 'Yar Farina

Na san labarin da yake yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana da jikokina, wai na yi kuka a tashar tram, jirgin nan na cikin gari, ta Salford. Kafin in mutu a mayar da shi tarihi, bari in gyara. Iska ce mai sanyi take kaɗowa daga bakin ruwa, kuma duk wanda ya san idona na hagu ya san ba sa shiri da iska. Sauran abin da ake faɗa gaskiya ne, sai dai kullum daga ƙarshe kuke fara shi. Ni daga makullai zan fara.

Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da makullan wani ƙaramin laburare na unguwarmu Ladywood, a nan Ingila. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke share ganye a bakin ƙofa, ni ke lallashin hita idan ta yi yaji a tsakiyar sanyi. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya can gida, ba don na ƙoshi ba, sai don malamin ya ƙoshi da ni. To amma dubi ikon Allah, ya ɗauko ni ya ba ni tsaron littattafai. Na san bayansu fiye da kowane farfesa, don ni ke goge musu ƙura, cikinsu ne dai ban taɓa leƙawa ba. Makullan nan a zobe guda suke, rataye a ƙuguna. Idan na dawo flat ɗinmu, tun daga matakala ake jin su, uwarku ta rage rediyo, ku kuma ku sauke ƙafafu daga kan kujera. Na daɗe ina zaton kwarjinina ne yake shiga gida kafin ni. Sai a shekarun nan da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, ta aiko takarda: laburaren zai koma buɗewa kwana biyu a mako, kuma masu aikin sa kai ne za su riƙa buɗe shi. Wata baiwar Allah mai taushin murya ta yi mini godiya har sau uku, sannan ta miƙo hannu. Na kwance zoben na ba ta. Da na fito titi sai na ji ina tafiya a karkace, ƙuguna ya saba da nauyi ta gefe ɗaya. Na hau matakala, na tura ƙofa, na tsaya a tsakiyar falo. Rediyo na ta surutu, ƙafafun Maryam suna kan kujera. Sai can uwarku ta ɗago kai.

"Au, Malam, ka shigo? Yau kuma shigowar mage ka koya?"

A ranar na gane makullan ake ji, ba ni ba.

Daga nan gida ya juye. Uwarku ce ke fita da sassafe zuwa gidan kula da tsofaffi inda take aiki, ni nake rufe mata ƙofa in ce a dawo lafiya, kalmar da shekara da shekaru ni ake faɗa wa. In wanke kofuna, in tsaya a taga ina ƙirga motocin bas. Da rana in sauka wurin abokina Yohanna, mutumin Kafanchan, wanda shi ma a watan aka sallame shi daga aikin lambunan council. Shi yana ce mini Sarkin Makulli, ni ina ce masa Sarkin Noma. Mu zauna kan benci, sarakuna biyu da aka tuɓe, muna kallon ciyawar da ba mai yanke ta, yana ba ta haƙuri.

Yanzu sai in yi muku bayanin abin da a gida ko yaro ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya zama su yi hira ido cikin ido. Kunya ce, kuma kunyar nan girmamawa ce, abin da ya fi nauyi a zuciya shi ake rufewa. Yayarku kuwa kunya biyu ta haɗa: ga ta 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyata na sa mata, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da na iya magana. Uwarku ta yar da tata kunyar tun yarinyar tana wata uku, ta ce ba za ta tsaya gaban GP, likitan unguwa, tana nuna jaririya da baki ba. Ni na riƙe tawa. Ina ce mata ke, ina ce mata waccan, da ta tafi uni, wato jami'a, ta zama ta Manchester. Idan ina da magana da ita, ta hannun uwarku take bi, ko da muna zaune a falo ɗaya. Ku kuwa, Sadiku da Maryam, sunayenku har sun gaji a bakina, musamman naka Sadiku, da yawanci da tsawa yake fita. Ko ranar da ta ɓace mini a babbar kasuwar tsakiyar gari, tana 'yar shekara bakwai, ban karya ba. Na bi layi-layi ina kiran ke, ke, Turawa suna kallona. Mai gadin kasuwar ya ce in faɗi sunanta ya sanar a lasifika, na karɓi bironsa na rubuta masa a tafin hannuna. Kafin ya gama haɗa baƙaƙen sai ga ta a bayan teburin mai kifi. Na yi shekaru ina ba da labarin nan a cikin mutane ina hura hanci, wai ni ne wanda Ingila ba ta narkar ba.

To a shekarar makullan, ita tana Salford, gefen Manchester, tana karatun zama dakta. Ni duk zatona irin daktocin asibiti na Edgbaston ne, masu farar riga, irin 'ya'yan mutanenmu da ake nuna hotunansu a wurin suna. Rashin aiki yana sa mutum ya tambayi abin da bai taɓa tambaya ba. Wata rana na ce wa uwarku:

"Hajiya, wai waccan ta Manchester, me take karantawa ne har yau bai ƙare ba?"

"Ba ka da lambarta ne?"

"Ina da ita. Ke nake tambaya."

Ta yi tsaki irin na wadda ta wuni a tsaye, amma ta buga. Suka daɗe suna magana, rabi Hausa rabi Turanci, sannan ta juyo.

"Ta ce tana binciken yadda mazantaka da mulkin uba a cikin gida suka rushe a littattafan Turawan Ingila da na Jamus."

"Suka rushe? Wa ya rushe su?"

"Ta ce shi take bincike."

Na dubi ƙafafuna cikin silifa, ƙarfe sha ɗaya na safe ranar Talata. Na ce a raina, yarinya ta ƙetare har Jamus tana neman abin da yake zaune a falon uwarta. Amma abin ya shige ni. Ashe akwai masu ilimi da suka zauna suka rubuta littafi a kan mutum irina? Me suka ce ya same shi? Ya warke a ƙarshe ko bai warke ba? Na ce a gaya mata ta aiko da guda ɗaya in gani, amma kada ya cika kauri.

Da uwarku ta je mata ziyara ta dawo, sai ga littattafai biyu a jakarta, a ƙarƙashin robar yaji. Na farko na Jamus ne da aka juya zuwa Turanci. Na zauna da shi da ƙamus da ɗan yatsa, shafi ɗaya yakan ci mini wuni. Labarin wani mai shagon sikeli ne a wani ƙaramin gari, yana da ƙararrawa a kan teburin cin abinci. Sai ya kaɗa ta ake zama, ba mai ɗaga cokali kafin shi, ba mai magana sai ya tambaya, shi kuma ba ya tambaya. Ɗansa ya gudu birni, 'yarsa ta karɓe shagon ta fi shi iyawa, matarsa ta koma cin abinci a kicin. Ƙarshe dai yana nan yana kaɗa ƙararrawa ga kujeru. Na biyun na Ingila ne, wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa da aka rufe musu wurin aiki, matarsa ta samu aiki, shi kuma ya koma gyaran abubuwan da ba su lalace ba. Da na zo inda ya kwance agogon bango karo na biyu, sai na ɗaga kai na dubi butar shayinmu ta lantarki, wadda a makon nan sau biyu ina warware ta ina mayarwa. Na tashi na ɓoye sukudireba a bayan kabad. Ban ji haushin marubucin ba, mamaki ne ya kama ni: wa ya gaya masa?

Daga nan muhawara ta ɓarke, uwarku a tsakiya.

"Ki gaya mata mai ƙararrawar nan ba mugu ba ne. Abokin hira ne ba shi da shi."

Bayan kwana biyu amsa ta zo.

"Ta ce wa ya hana shi hira?"

"Ki ce mata ba a koya masa ba."

"Ta ce shekara sittin ba ta isa mutum ya koya wa kansa ba?"

"Ki ce mata..."

"Malam, ni ba gidan waya ba ce. In wuni ina ɗaga tsofaffin Ingila, in dawo gida in ɗauki tsofaffin Jamus?"

Amma ta ci gaba da ɗauka, Allah ya saka mata. Littattafai suna zuwa suna komawa, ni kuma ina rubuta ra'ayina da fensir a gefen shafi, da ajami, don hannuna ya fi sakewa da shi. Ban tuna cewa wadda nake rubuta wa ba ta iya karanta ajami ba. Wata shida muka yi a haka, kuma in gaya muku gaskiya, ita ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da 'yata, ba tare da mun ji muryar juna ba. Har na zama malami a kan benci. Na ce wa Yohanna na gano ciwon ubannin Turawa: uban Bature shi kaɗai ne a gidansa, ba baffa, ba kawu, ba gwaggo, ba kaka. Shi ne alƙali, shi ne ɗan sanda, shi ne kuma ake jira ya yi wasa da yara. Ya za a yi bai faɗi ba? Na ce mu Hausawa Allah ya tsare mu daga wannan. Yohanna ya dube ni ta gefen ido.

"Sarkin Makulli, a flat ɗinka a wane ɗaki baffa yake kwana?"

Na ce masa ya kula da ciyawarsa. Ban tsaya na auna maganar ba.

Da bazarar Ingila ta shigo, wadda ba ta rabuwa da sanyi, uwarku ta ce yarinyar za ta yi jawabi a uni a kan bincikenta, kowa na iya shiga, ita kuma ranar tana da aiki. Ba ta ce in je ba, ta dai goge babbar rigata ta rataye a inda zan gani. Na tafi ban gaya wa kowa ba, ita ma mai jawabin ba ta sani ba. Na ce a raina ba ita zan je gani ba, zan je in ji yadda aka ƙare da mai ƙararrawa. Na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, na kama tram zuwa Salford, kwat a kan babbar riga, littafinta na ƙarshe a aljihu. Na samu kujera can baya, bayan wani dogon Bature, na zauna.

Ban taɓa ganin ta tana magana a gaban mutane ba. Ta tsaya kamar mahaifiyata a bakin rijiya, hannu ɗaya a ƙugu. Turancin ya yi mini sauri, rabi na kama rabi ya wuce. Na dai ji tana cewa a littattafan Jamus uban yakan faɗo ne daga sama, da ƙara, gidan duka ya girgiza, a na Ingila kuwa yakan narke ne a kan kujera har a saba zagaye shi. Na ce lallai, ni na haɗa biyun. Can sai na ji ta ce wani mai karatu ya taɓa gaya mata cewa mai ƙararrawa ba mugu ba ne, abokin hira ya rasa, kuma wannan magana ta sa ta sake rubuta babi guda. Mutane suka rubuta a takardunsu. Maganata, ta ɗan aji huɗu. Na gyara zaman hulata, har na so in taɓa dogon Baturen in ce masa ga mai karatun nan a bayanka.

Da aka zo tambayoyi, wata tsohuwa mai farin gashi ta ce, me ya ja yarinya kamarki zuwa ga tsofaffin mazan da suka mutu a takarda? Yayarku ta yi 'yar dariya. Wannan amsar kam ba kalmar da ta wuce ni, don a hankali ta faɗe ta.

"Na tashi a gidan uban da bai taɓa kiran sunana ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa dukana ba, bai taɓa bari na rasa komai ba. Amma ina jin na shiga littattafan nan ne don in ga me yake cikin shirun uba, ko akwai ni a ciki."

Ɗakin ya yi wannan gurnanin tausayi da Turawa suke yi a maƙogwaro. Dogon Baturen ya waiwayo ya dube ni yana girgiza kai, wato ka ji wani irin uba. Ni ma na girgiza masa kai, don kada a gane ni.

Na so in sulale, amma babbar riga ba ta sulalewa a cikin Turawa. A wurin teburin shayi ta hango ni, kofin hannunta ya tsaya a hanya.

"Baba? Tun yaushe kake nan?"

"Tun kafin ubannin Jamus su faɗo."

Ta sallami mutanenta, muka fita muka bi bakin ruwa, inda dā jiragen ruwa suke tsayawa, yanzu sai dogayen gine-ginen gilas na 'yan talabijin. Ina tafe ina kallon ruwa, tana tafe tana kallona. Na yi gyaran murya na fara yi wa ruwan bayani, cewa kunya ce, girmamawa ce, sunan mahaifiyata ne.

"Na sani, Baba. Mama ta yi min bayani tun ina primary. Na san dalilin. Sanin dalilin bai hana ni jira ba."

"Jiran me?"

"Ka tuna ranar da na ɓata a kasuwa?"

"Wa zai manta? Na kusa mutuwa."

"Ban ɓata ba. Ina bayan teburin mai kifi tun farko, ina ganin takalmanka suna wucewa. Ɓuya na yi. Na ce yau dole ya kira. Ka wuce ni sau huɗu kana ke, ke. Da na ga ka karɓi biro sai na fito."

Labarin da na yi shekara ashirin ina hura hanci da shi ke nan, aka juya mini shi na ga ɗinkin cikinsa. Sai na kama abin da ya rage mini. Na ce ni ma ɗan fari ne, mahaifina har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, kuma ga ni, ban rubuta littafi a kansa ba.

"To kai wa yake kiran sunanka?"

Tambayar ta yi mini daɗi, na ɗauka mai sauƙi ce. Na ce kakata mana, a ɗakinta aka yaye ni, a bayanta na girma, tana ce mini mijinta, tana ɓoye mini ƙanzo. Ga gwaggona, ga baffannina uku, ga matansu. Daga asuba zuwa magariba sunana yana tashi a gidan nan kamar ana talla, har nakan gudu bayan rumbu in huta da shi. Ina cikin lissafi ina murmushi sai na ji muryata tana raguwa da kanta.

"Ni fa, Baba? Hawa na shida, ɗaki biyu. Wace ce kakata a Ladywood?"

Sai maganar Yohanna ta dawo mini. Ashe kunyar ɗan fari ba ita kaɗai take tafiya ba. Uba yana ja da baya ne don ya san akwai tsohuwa a bayansa da za ta matso. Ni na ɗauko ja da bayan na saka a akwati na hau jirgi, na bar tsohuwar a gida. Na yi wata shida ina tausayin mai ƙararrawa, ina rubuta masa shawara da ajami, ashe gara shi, shi ko ƙararrawa yana kaɗawa.

Kada ku zaci nan take na gyara. Tsoho ba ya juyawa kamar keke. Na ce Allah ya kyauta, ita ma ta ce amin, muka yi maganar sanyi da tsadar tikitin jirgi da ciwon bayan uwarku. Ta raka ni tashar tram, ta ce tana da ɗalibai ƙarfe shida, ta ɗan rusuna ta ce in gai da gida. Ta juya ta shiga cikin mutane, lokacin tashi daga aiki ne, dandamalin cike. Sai na ji nauyi a aljihun kwat, littafinta ne, na manta ban ba ta ba. Na ɗaga shi sama.

"Ke."

Mata uku suka waiwayo, ba ita a ciki. Na san ta ji, don tafiyarta ta canza. Ba ta tsaya ba, ba ta kuma yi sauri ba, ta dai rage, irin tafiyar wanda ya bar ƙofa a buɗe. Na ga yarinyar nan 'yar shekara bakwai a bayan teburin mai kifi, ta ga takalmana. Tram ɗina ya iso, ƙofofi suka buɗe. Zan iya shiga, in ba uwarku littafin ta kai, gidan waya yana nan. Ba wanda zai zarge ni, kuma na san ita ma ba za ta sake tayar da maganar ba har abada. Wannan ne ya ba ni tsoro, cewa ba za ta sake ba. Na nemi gafarar mahaifiyata a zuciya, na ce Inna ki yi haƙuri, ke kika tafi kika bar ni da aikinki. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa zoben makullan nan. Na buɗe baki.

"Rakiya."

Bai fita da ƙarfi ba, ya fita a shaƙe, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Amma ta tsaya. Ta dawo a hankali, mutane suna ture ta, ta tsaya a gabana.

"Na'am, Baba."

"Kin manta littafinki."

"Kai ka manta shi." Ta karɓa, ta share fuska da bayan hannu. "Ka faɗe shi kamar kana karanta takardar council. Sake faɗa."

"Sau ɗaya a shekara talatin. Kada ki zaƙe."

Tram ya tafi ya bar ni. Muka zauna a benci muna jiran na gaba, ta buɗe littafin ta nuna mini rubutuna na gefen shafi, ta ce wata shida tana tara tsutsotsin nan ba ta san me suke cewa ba, in karanta mata. Na karanta. Ta ce ban fahimci babin ƙarshe ba ko kaɗan. Na ce marubucin ne bai fahimci mutumin ba. Tram biyu suka ƙara wucewa, ɗalibanta dai ban san yadda suka ƙare ba.

Abin bai zo kyauta ba, kada a gaya muku haka. Ranar sallar da ta biyo, ana gaisawa da mutanen gida a waya, yayana, ɗan baffana, ya ji na kira ta ta zo ta gaishe shi. Da na karɓi wayar sai ya ce ashe Ingila ta gama da kai, sunan Inna a bakinka kamar na 'yar talla. Shekara biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma har ya rasu bai sake ce mini in yanke wata magana ta dangi ba. Ya yi mini ciwo, don ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Akwai wani abu mai kyau a kunyar nan, wani rufi, wanda ku ba za ku san shi ba, kuma ni ne na yaye shi da hannuna. Har yau idan na kira sunan, sai na ji kamar na fita tsakar gida ba hula. Ga kuma ƙaramar hasara: tun daga ranar uwarku ta yi ritaya daga aikin gidan waya, yarinyar kai tsaye take bugo mini, ta musa mini magana a kunnena, ta gyara mini Turanci, ta tambaye ni ko na sha maganin hawan jini. Dā ina da 'yar da take tsoron shiruna, yanzu ina da mai duba ni. Yohanna ya ce wannan shi ne rushewar mulkin uban da ake faɗa, kuma ya kamata a sa hotona a bangon littafin.

Ta gama karatun, an ba ta hular nan mai faɗi, na je, a gaba na zauna wannan karon. Littafin da ta rubuta na bincikenta yana kan kabad ɗina, na kai shafi na arba'in, in Allah ya ba ni rai zan ga ƙarshensa in ji ko mutumin ya warke. Makullai kuwa ba a dawo mini da su ba. Yanzu idan na hau matakala sallama nake yi tun daga ƙofa, in kira duk wanda yake ciki da sunansa, kuma na lura an fi saurin amsawa, ko da yake ƙafafun jikoki ba sa sauka daga kan kujera.

Rakiya, na san ke za ki fara karanta wannan, da jan biro a hannu. Ga shi na rubuta shi da boko, ba a tafin hannu ba, kowa ya gani. Ki gyara duk abin da kika ga dama, amma maganar iska ki bar ta yadda na faɗa.